Mun dawo daga taron fastoci a Jos

Mun dawo ƙauyenmu na Sumaila lafiya, godiya ga Ubangiji. Tare da Baba Fasto da dattawan ikkilisiya muka tafi, muka bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, Saminaka, sai Jos. Sanyi kuwa ba a magana.

Mu da muka saba sujada a ƙaramar majami'ar laka, da aka ta da waƙa ɗaki cike da fastoci, sai da tsigar jikina ta tashi. Na waiga, Baba Fasto na share hawaye da gefen rigarsa.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne hirar da muka yi da wani tsohon mai bishara daga wajen Roni. Yawancin albashinsa dawa ce da gero, in an yi girbi 'yan ikkilisiya su kawo. Da damina yana gona, ran Lahadi ya hau keke zuwa ƙauyuka. Littafi Mai Tsarki na hannunsa bangon ya yage, ya ɗinke shi da zare. Shi ya tuna mini tun 1932 aka buga cikakken Littafin da Hausa, amma har yau akwai gidajen masu bi da babu mai iya karanta shi. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Gaskiya na so a ba irinsu lokaci su yi magana a gaba, domin su ne ke ɗauke da nauyin.

Mun yi shawara da Baba Fasto, bayan girbi za mu fara ajin yaƙi da jahilci da yamma. 'Yan'uwa, ku sa mu a addu'a.