Inda aka kwana a bin salsalar gidanmu

'Yan'uwa masu wannan aiki, ga abin da ya samu a wajena tun daga girbi zuwa yanzu. Jerin sunayen ya hau har kan kakan mahaifina, mutumin da ya sari dajin da gidanmu yake a ƙasar Ringim. Jera sunayen bai ba ni wuya ba. Sanya wa kowane suna lokacinsa shi ne ya ci mini kwanaki, kuma a kansa nake so mu tattauna, don na ga yawancinmu a nan muke cijewa.

Tsoho ba ya ba ka shekara. In ka ce, "Baffa, a wace shekara aka haife ka?" sai ya ce ai da daɗewa, ya ci gaba da jan carbinsa. Amma ka ce wa Goggo, "Da aka yi canjin kuɗi, wa kike goyo?" nan take za ta faɗa maka, har da zanen da ta saya da sabuwar naira. Canjin kuɗi kuwa 1973 ne. Don haka na keɓe shafi guda a bayan littafina na rubuta manyan abubuwan da mutanenmu ke auna zamani da su: Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893, shigar Turawa Kano a 1903, yunwar Kakalaba a 1914, isar layin dogo Nguru a 1930 wanda ya ratsa ta Ringim, rasuwar Sarki Alhaji Abdullahi Bayero a 1953, kisan Sardauna a 1966, komawa tuƙin hannun dama a 1972. Duk labarin da aka ba ni, sai na nemi wanda zan rataye shi a jikinsa. Kowa ya yi nasa shafin daidai da yankinsa. Mutumin Haɗeja, alal misali, ba zai rasa yaƙin 1906 a ciki ba.

Da wannan shafin na warware wata gardama da ta daɗe a gidanmu. Baffa ya tsaya a kan cewa Malam Babba, kamar yadda ake kiran mai kafa gidan, gudun Basasa ne ya kawo shi. Goggo ta ce sam, yunwa ce ta koro shi, da jaki ɗaya da ƙwarya. Tsakanin maganganun biyu akwai shekara wajen 20. Abin da ya raba gardamar yana cikin gafakar Alƙur'anin gidan, wadda ba a cika buɗewa ba sai da azumi. A ƙarshen warƙoƙin akwai wata takarda da ta yi ja, gefenta gara ta taɓa, an jera haihuwar 'ya'ya da tawadar allo, kowane suna da wata da shekarar Hijira. Ta farko 1325 ce. In kuna son juya shekarar Hijira, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622. Za ta kai ku kusa, ko da kuskuren shekara guda. Tawa ta ba ni 1907. Shi kuwa wannan ɗan fari, Baffa da Goggo duk sun yarda a gidan nan aka binne cibiyarsa. Ke nan Malam Babba ya riga Kakalaba zuwa.

Ban yi saurin cewa Goggo ta ruɗe ba, don ba ta cika ƙara gishiri a magana ba. Da na koma na bi ta a hankali, sai ga shi mai jakin wani ne daban: ɗan ƙanin Malam Babba, takwaransa, wanda yunwa ta sa ya biyo baffansa. Mutum biyu masu suna ɗaya, bakin jikoki ya haɗe su ya mai da su ɗaya. Ku kula da wannan sosai, domin a gidajenmu suna yawo yake yi. Kowane Abba ko Baba ƙarami da kuka gani, akwai babban da aka mayar wa suna.

Sai alkunya. Goggo ba za ta kama sunan mijinta ba ko da ya shekara 30 a ƙasa, haka ɗanta na fari. Na ce, "Goggo, shi mai gidan naki, wane suna zan rubuta?" Ta harare ni ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Je ka tambayi ubanka." Dabarar da ta yi mini aiki ita ce tafiya da jikarta, wadda suke wasan jika da kaka. Yarinyar ta riƙa jero sunaye tana tsokanarta, da ta zo kan na gaskiya sai Goggo ta sunkuyar da kai ta ce, "Ungo nan, mara kunya." Na rubuta. Duk da haka mata sun fi maza riƙe zare. Namiji zai ba ka uba da kaka ya tsaya. Tsohuwa za ta gaya maka wace ce uwar wane, daga wane gari aka auro ta, da wanda ya sha nono da wa. Kuma kada ku zaunar da dattawa biyu wuri ɗaya, don ƙaramin zai yi ta cewa "haka ne, Yaya" ko da ya san ba haka ba ne. In kuma kuka ga an kauce wa wata tambaya, musamman ta asalin wata kaka, ku bar ta. Akwai gidajen da zancen bauta bai huce ba.

Reshen da nake kai yanzu shi ne na ƙanin kakana, wanda ya tafi Makka a ƙasa jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya fara wucewa ta Ringim, bai dawo ba. Hanyar sananniya ce: Maiduguri, Farlomi wadda yanzu ake kira Injamena, Abeshe, a shiga Darfur, a gangara bakin Nilu, a ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Mutane kan shekara da shekaru a hanya suna ƙwadago don guziri, kuma da aka buɗe noman auduga na Jazira da ke Sudan a 1925, da yawa suka tsaya can suka yi aure. Sun tarar da 'yan'uwa a gaba, tun waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Ta hannun wani da ya yi karatu a Sudan na sami wani dattijo da ke cewa kakansa mutumin Ringim ne, muna musayar saƙon murya ta WhatsApp. Ban ba shi suna ko ɗaya ba, don wanda ke ɗokin dangi duk abin da ka faɗa zai amsa. Na bar shi ya kawo nasa. Ya faɗi sunan uwar kakan nasa, ya dace da wanda ke takardar gafaka. Sunan ƙauyen ne bai riƙe ba. Saboda haka da fensir na rubuta shi, ba da biro ba, har sai ya turo hoton wata wasiƙar ajami da ya ce tana wajen yayarsa.

Wanda zai nemi takardun Turawa na wannan yanki ya tuna cewa kafin a yi Jihar Jigawa a 1991 Ringim gunduma ce ta masarautar Kano, don haka a ƙarƙashin Lardin Kano zai duba a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ni can na nufa bayan salla, in ga ko sunan ƙauyenmu ya fito a rahoton kimanta haraji. Mai iya karanta tsohon rubutun ajami a cikinku ya yi mini magana, don wasiƙar in ta zo ba ni kaɗai zan iya da ita ba.