Kayan nutson sikuba: abin da za ka fara saye da abin da za ka jinkirta

Wanda ya taso a bakin Matan Fada a Argungu, ko a gaɓar Kwara ta wajen Yawuri, ba sai an koya masa nutso ba. Sai dai nutson da Kabawa da Sarkawa suka gada na riƙe numfashi ne: ka cika ƙirjinka a sama, ka nitse, ka fito da iskar da ka shiga da ita. Nutson sikuba, wanda ake goya tukunyar iska a baya, dokarsa ta farko ita ce kada ka kuskura ka riƙe numfashi. Kowace mita 10 da ka nitse, ruwa na ƙara maka matsi kwatankwacin na iskar sararin sama gaba ɗaya. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a zurfin mita 10, in ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka girmanta, huhu kuwa ba ya jure haka. Ko a ruwan da bai wuce tsayin mutum ba wannan na iya yaga huhu.

Shi ya sa kuɗinka na farko na malami ne. Kwas ɗin matakin farko na ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI da SSI yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4, da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, ya ba ka izinin kaiwa mita 18. Ana yin sa a Legas, ana yi a Jidda da gaɓar Bahar Maliya ta Masar. A can za ka gwada kayan haya iri-iri kafin ka fitar da ko sisi, ka san wanda ya zauna maka.

Fara da gilashin fuska. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ya fi ɓata wa sabon shiga rai in bai dace ba. Dole hanci ya kasance a cikinsa, domin da hanci ake hura masa iska in ruwa ya fara danna shi a fuska. Tabaraun ninkaya mai rufe ido kawai yana tara jini a ido in an yi zurfi. Gwajinsa a shago ba wuya: ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka ja iska kaɗan da hanci, ka saki hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗi, ajiye shi komai kyansa. Gilashin ya zama mai tauri wanda ba ya tsagewa da kaifi, bakinsa kuma na silikon mai laushi. Mai gashin baki zai ga ruwa na kurɗawa ta ƙasan hanci. A rage gashin wurin kaɗan ko a shafa man silikon, domin tamke igiya ƙara yoyon yake yi. Sabon gilashi yakan zo da wani maiƙo daga masana'anta da ke sa shi hazo, sai a goge cikinsa da man goge haƙori fari sau biyu ko uku.

Takalmin agwagwa, wato faffaɗan takalmin roba da ake tura ruwa da shi, iri biyu ne: mai rufe ƙafa duka, da mai buɗaɗɗen diddige da ake sa wa but na roba. A ruwayenmu na biyun nake ba da shawara, saboda gaɓar laka ce da ƙaya da fasassun kwalabe, kuma da ƙafa za ka taka kafin ka isa zurfi.

Rigar roba kuwa mutane na raina ta, wai ƙasarmu da zafi. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu, minti 40 a ciki ya isa ya sa ƙato kyarma, balle da hunturu. Mai kaurin milimita 3 ta wadatar a mafi yawan shekara. Ta kama jiki tsam, amma kada ta shaƙe wuya. In ta yi yalwa ruwa zai riƙa shiga yana fita, ba ta da amfani ke nan.

Akwai ƙaramin abu da na ɗora sama da kayan dubban nairori: wuƙa ko almakashin yanke zare. Kogunanmu cike suke da tsofaffin taru da koma da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, ruwan kuma da damina jawur yake, ba ka ganin tafin hannunka. Ka ɗaura biyu a wurare daban-daban, inda kowane hannu zai kai. Ka haɗa da tocilan ta cikin ruwa.

Daga nan sai kwamfutar nutso, wadda ake ɗaurawa kamar agogo. Ita ke lissafa naitirojin da jiki ya sha daga iskar da kake shaƙa a zurfi, ta yi ƙara in ka taso da saurin da ya wuce kimanin mita 9 ko 10 a minti, ta kuma ƙirga maka tsayuwar minti 3 a mita 5. Mafi sauƙin samfuri ya ishe ka, muddin lambobinsa manya ne kuma kana iya canja batirinsa da kanka. A saita ta a kan ruwan daɗi. Mutanen Zamfara su lura: duk wurin da ya haura mita 300 daga matakin teku lissafinsa daban ne, Gusau kuwa ta haura, don haka a duba saitin tudu.

Regileta, na'urar da ke kawo maka iska daga tukunya zuwa baki, ita ce numfashinka. Tun da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera ta a Faransa a 1943 aikinta bai sauya ba. Kan da ke jikin tukunya yana sauke matsin daga bar 200 zuwa wajen bar 10 (bar ma'aunin matsi ne, ɗaya kwatankwacin matsin iskar sararin sama), na baki kuma ya ba ka iska daidai da matsin ruwan da kake ciki. Cikakkiya tana da na baki biyu, ɗaya naka ɗaya na abokin nutsonka in tasa ta ƙare, da agogon matsi, da tiyon hura rigar iska, wato rigar da ke riƙe tukunya. Mahaɗinta ko dai mai zare ne, wato DIN, ko mai maƙalawa. Mai zaren ya fi riƙe robar bakinsa, kuma da ƙaramar adafta zai hau kowace tukunya. Kafin ka tambayi farashi, tambayi wa zai yi mata sabis da inda ake samun kayan gyaranta, domin galibi duk shekara ko biyu ake buɗe ta. Ta gwanjo ba laifi ba ce, amma kada ta shiga bakinka sai ƙwararre ya warware ta ya sabunta robobinta.

Rigar iska, mai riƙe tukunya da daidaita ka a ruwa, a gwada ta a kan rigar roba, a hura ta tam a bar ta minti 20 a ga ko tana sacewa. Dalmar da ake ɗaurawa a jiki don ƙara nauyi kuma ba a ƙiyasta ta da ido. Ka shiga ruwa da rigar iska fayau, ka riƙe numfashi na al'ada kana a sama: ruwa ya tsaya maka daidai ido, in ka fesar ka fara nitsewa. Nauyin da ya yi maka daidai a teku zai yi yawa a Kwara da kilo 2 zuwa 3, domin ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba.

Tukunya ce ƙarshe, duk da ita kowa ke ɗokin fara saye. Mutane na ce mata tukunyar oksijin, wannan suna kuwa ya isa ya kashe mutum. Iska ce ta yau da kullum a ciki, tatacciya busasshiya, kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Zallar oksijin irin ta asibiti ko ta mai walda tana jawo farfaɗiya in an wuce mita 6, kuma tana iya tayar da wuta a regiletar da ba a tanada don ita ba. Injin mai faci ma ba ya yi: ƙarfinsa bai kai kusa ba, iskarsa kuma da turirin mai. Ko injin cikawa na gaskiya, in bakin shan iskarsa na kusa da hayaƙin janareta, zai dura maka guba marar wari wadda zurfi ke ninka ƙarfinta. In babu mai cika maka da iska mai tsabta kusa, ka yi haya a inda za ka yi nutson.

Ga lissafinta: mai lita 12 a bar 200 na ɗauke da lita 2,400. Ka ware bar 50 na ko-ta-kwana, saura lita 1,800. Mai shan lita 20 a minti a sama zai sha 40 a mita 10, minti 45 ke nan. A mita 20 zai sha 60, minti 30 kacal. In za ka saya, duba tambarin gwajin matsi da aka buga a wuyanta, kada ya wuce shekara 5, a kuma leƙa cikinta duk shekara saboda tsatsa. Kada a zazzage ta ƙaf, a bar mata ɗan matsi don laima kada ta shiga. Zafin Afrilu a Birnin Kebbi na wuce digiri 40, saboda haka ba a barin ta a but ɗin mota, kayan roba kuma a ɗauraye su da ruwa mai tsabta a shanya a inuwa, nesa da fetur da ɓeraye.