Aikin sa cif a tsofaffin na'urorin gem a Bauchi

Mutane da yawa sun ɗauka zamanin PlayStation 2, wato PS2, ya wuce tun da waya ta shiga hannun kowa. Da za su zauna a shagona da ke wajen Wunti daga hantsi zuwa la'asar, da sun sauya magana. Masu gidajen gem na Yelwa da Gwallameji, inda ɗalibai suka yi yawa, har gobe da ita suke neman abinci, domin yaro zai biya kuɗin Winning Eleven ko PES bai ji a jikinsa ba. Ga kuma magidanta da suka buga ta suna samari, yanzu suna tono ta daga ƙarƙashin gado don 'ya'yansu. Sony ta fito da ita a 2000, ta daina ƙera ta a farkon 2013. Ke nan duk wadda ta lalace a hannun ɗan koyo ta tafi ke nan, babu sabuwa da za ta maye gurbinta. Wannan ne ya sa nake ɗaukar aikin da nauyi.

Bari in faɗi abin da cif yake yi, don galibin masu kawo gyara ba su sani ba. A PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a Disamban 1994, kamfanin ya ɓoye wasu haruffa huɗu a can farkon faifai, cikin wani lanƙwashe-lanƙwashe na layin da idon na'ura ke bi. Faifan Turai SCEE ne, na Amurka SCEA, na Japan SCEI. Idan na'ura ba ta ji haruffan yankinta ba, ba za ta buɗe wasan ba, kuma kwamfuta ba ta iya kwafe wannan lanƙwashen. To cif ɗin, ɗan mitsitsi mai ƙafa takwas, shi ne yake raɗa wa na'urar haruffan da take jira, sai ta buɗe kwafaffen faifai ko na wani yankin. Na farko-farko waya huɗu kawai ake ɗaura musu, kuma ba sa yin shiru, ko an shiga wasa suna ta aikawa. Masu yin wasanni suka gano haka, suka sa wasan ya riƙa saurare. Da ya ji, sai jan da'ira ta fito a talabijin, komai ya tsaya. Shi ya sa idan aka kawo min mai tsohon cif nake cire shi in sa Mayumi ko MM3, waɗanda ke yin aikinsu su kame bakinsu. Ƙaramin zubin PlayStation ta farko, PSone ta Turai mai lamba SCPH-102, tana da wani binciken na biyu a cikinta, cif ɗinta daban ne. Sau da yawa an kawo min ita an sa mata na babbar, mai ita yana ta zargin ido.

A wurin maigidana na koyi duk wannan, Allah ya jiƙansa. Mai gyaran rediyo da bidiyo ne, gem ya same shi a kan sana'arsa. Da na zo wurinsa bai bar ni na taɓa na'urar mutane ba. Matattun fanel na rediyo ya tara min a kwali, in cire ƙafa in mayar, in liƙa waya in cire, har sai dalma ta kwanta tana ƙyalli, ba dunƙule ba toka-toka. Yakan ɗaga aikin ya duba a hasken ƙofa, ya ja wayar da farce. In ta saki, sai ya miƙo min ya ce, “Sake, yaro.” Ba ya faɗa, ba ya ƙara kalma. Ranar da ya fara ba ni PS2 in buɗe, sai da ya sa na karanta masa lambar da ke jikin fanel ɗin, ya tambaye ni wane zane ne nata, domin kowane zubi da inda wayoyinsa suke zama.

PS2 ita ce gwajin mai gyara. Cif irin su Matrix Infinity ko Modbo waya kusan ashirin ake ɗaurawa, wasu a kan ƙafafun ayisi, wato cif-cif ɗin da ke jikin fanel, da ke jere kamar haƙoran mataji, tsakaninsu ko bakin allura da ƙyar. Ina aiki da siririyar waya mai lamba 30, da ayan na narka dalma mai tsinin baki wanda nake saita zafinsa wajen digiri 350, da gilashin ƙara girma. Kowace waya a gajarce nake yanka ta, in kwantar da ita a jikin fanel, don doguwar waya tana sa na'ura ta tashi yau, gobe ta ƙi. Kafin in ba ta wuta sai na bi ƙafa-ƙafa da mita, na tabbatar babu biyun da dalma ta haɗe. Lokacin hunturu kuwa, da iska ta bushe, sai na ɗaura wayar sauke lantarki a wuyan hannu, don ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji in ya taɓa ƙarfe ya isa ya kashe ayisi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne aikin 'yan sha-yanzu-magani-yanzu. Kwanan baya wani bawan Allah daga Jahun ya kawo min babbar PS2 baƙa, wai tun da aka sa mata cif ba ta ƙara nuna hoto ba. Da na buɗe, wayar fanka aka yi aikin da ita, mai kauri, an kuma malala gam mai zafi a kai har ya rufe ƙafafun. Layin tagulla biyu sun ɗago saboda ayan ɗin gyaran talabijin aka ɗora musu. Sai da na ɓamɓare gam ɗin a hankali, na kankare koren fentin da bakin reza, na dinke layukan da silin waya, sannan na fara aikin da ya kawo shi. Ta tashi, alhamdulillahi. Da na faɗi kuɗina sai ya ce, “Haba Malam, ai wancan rabin haka ya karɓa.” Na ce, “Alhaji, ai aikin wancan ɗin ne ya kawo ku nan.”

Masu kawo mana kaya ma haka. Yawancin abin da aka buga wa suna Matrix a kasuwa yanzu kwaikwayo ne, ka saya goma ka tarar wasu tun daga leda matattu. Ka kira mai kaya ya ce hannunka ne. Don haka na ajiye na'ura guda a shago ta gwaji kawai, ba na sa wa mutum cif ɗin da ban gani da idona ya tashi ba.

Ba kowa nake sa wa cif ba kuma, ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. Ƙurar Bauchi ba ta barin ido ya daɗe, kwafaffen faifai kuma yana wahalar da shi. Siririyar PS2 ta farko, SCPH-70000 ta 2004, an san ta da ƙona ido, sai an ƙara mata kariya. Mai gidan gem da na'urarsa ke aiki safe zuwa dare, shawarata gare shi ita ce manhajar FreeMcBoot a katin memori, da manhajar OPL mai buɗe wasa ba tare da faifai ba, wasanninsa su koma cikin hadis, wato ma'ajiyar kwamfuta (hard disk). In babbar ce, akwai gurbin hadis a bayanta, wasa ya tashi da sauri, ido ya huta. Filash ma tana yi, amma ƙofar USB ta PS2 tsohon zubi ce, 1.1, bidiyon cikin wasa yakan yi ta sarƙewa, kuma ina faɗa wa mutum haka tun kafin ya biya. Siraran ƙarshe, SCPH-90000 na baya-baya, ba sa karɓar FreeMcBoot, su kam cif ɗin ne ya fi musu. Ana kawo Xbox ta farko jefi-jefi. Ita kafin a yi zancen cif sai na duba kafasitar agogonta, wadda ke tsiyaya ta cinye fanel.

Roƙona ga masu sayen na hannu: ku juya bayan na'ura ku karanta kafin ku jona. Babbar PS2 ta Japan wutar 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. In kuka ga ɗaya daga cikin ƙananan lambobin nan, kada ku gwada ko na ƙiftawar ido. Ku kawo ta shago tare da wayoyinta da hannu ɗaya, in sauya mata gidan wuta ko in haɗa ku da taransifoma mai rage wuta, sannan mu duba wane cif ne ya dace da ita.