Abin da ke kashe dogon labarin almara a littafi na uku

Yawancin labaran almara masu dogon zango da ake saki a WhatsApp da Wattpad ba a littafi na ɗaya suke mutuwa ba, a na uku suke mutuwa. Marubuci ya taso da zafinsa, ya gina birni, ya zuba aljanu da matsafa, tafiya na yin nisa sai ya manta abin da ya faɗa a baya. Yarinyar da aka haifa ranar da aka ci garinsu da yaƙi har yanzu tana goye, alhali an ce shekara 7 ake zaman gudun hijira. Mai karatu kuwa ba ya mantuwa. Wanda ke sakin shafi kullum kuma ba shi da damar gyara, magana zarar bunu ce.

Maganin ba shi da tsada: littafin rubutu mai falle 80, irin na 'yan makaranta, a mai da shi kundin labarin tun kafin a rubuta babi na ɗaya.

A fara da mutane, kowa da shafinsa. Shekarar haihuwarsa bisa lissafin duniyar labarin, wanda ya raine shi, sana'arsa, abin da yake tsoro, bashin da ke kansa, da abin da yake ɓoyewa. Biyun ƙarshen nan su ke sa mutum ya yi numfashi a takarda. An gaji da mugun waziri wanda mugunta kawai yake yi don marubuci na bukatar mugu. A dubi fadar Zazzau mana: Madaki, Galadima, Wambai, Dallatu, Iya, kowa da hurumin da yake karewa. Madaki shi ne jagoran mahaya dawaki, darajarsa a fagen fama take. In sarkin labarinka ya nemi sulhu, irin wannan basarake zai ƙi ba tare da ya zama shaiɗani ba, tuwonsa ne ake shirin ƙwacewa. Mai karatu zai ji haushinsa, kuma zai gane shi.

Sai nisa da lokaci, inda aka fi yin kwaɓa. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. Ayarin fatake da jakuna sai ya yi kwana uku ko huɗu yana ya da zango kafin ya hango dutsen Kufena na Zariya. A riƙe wannan ma'auni, a zana taswira, a rubuta kwanakin tafiya tsakanin kowane gari biyu. Jarumi ba zai karya kumallo a wannan daula ya ci abincin dare a waccan ba, sai in aljani ne ya ɗauke shi, kuma sai an faɗa. A rubuta yanayin kowane babi a gefe. Wanda ya ga Kogin Kaduna a watan Agusta ya san runduna ba ta tsallake irinsa da dawaki. Da rani aka fi fita yaƙi a da, bayan an kai amfani rumbu. In ka dage sai an gwabza da damina, to gonaki sun zauna ba noma, dole mudun gero ya yi tsada a littafi na gaba.

Sihiri ma da dokarsa. Kowace laya a amsa mata tambaya uku: me take ci, wa ke iya amfani da ita, ina iyakarta. Jarumin da ke da layar zana ba sharaɗi, babu kurkukun da zai riƙe shi, labari ya ƙare ke nan. A ce sau ɗaya take aiki a wata, ko duk ɓacewa tana rage masa gani. Ko a wurin 'yan bori, Jangare, birnin iskoki, da sarkinsa da fadawansa yake, kowane iska da abin da yake so da abin da ba ya so.

Batun duniya mai sauyawa kuwa, ɗan Kaduna ba ya bukatar aro. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan Kaduna daga Zungeru, gari ya tashi a gefen layin dogo. A 1957 masaƙa ta fara aiki a Kakuri, unguwa ta cika da ma'aikata da masu abinci da masu gidan haya. Da masaƙun suka rufe, duk waɗannan sai da suka ji a jikinsu. Haka ake so garin labari ya kasance. In an kammala kowane littafi, a ware shafi biyu a rubuta wa ya mutu, wa ya gaje shi, wace kasuwa ta tashi, wace hanya ta mutu, wa ya yi arziki da wahalar wasu. Mai son ganin yadda sarauta da haraji suka yi ta juyawa ya leƙa Arewa House ko ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke nan cikin gari.

Masu karatu za su cika guruf da magiya a dawo da wanda aka kashe. In ba a rubuta tun farko cewa matattu na dawowa a wannan duniyar ba, a bar shi a kabarinsa, a ba matarsa takaba ta wata huɗu da kwana goma, a bar 'yan'uwansa su yi rigimar gado.