Ƙugin amfilifaya mai bawul da abin da ya koya mini

Amfilifayata ƙarama ce, mai aiki da bawul, wato 'yan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti: ECC83 ɗaya a gaba, EL84 biyu a baya, da taransfoma biyu, ta wuta da ta lasifika, a kan akwatin ƙarfe. Ta yi aiki tun kunnawar farko, sai dai lasifika na ƙugi ko ba a sa mata komai ba. Shawarar da aka fi ba ni ita ce in sauya kondensa, wato 'yar na'urar da ke tara wuta tana tace ta. Ban yarda da sayen kaya kafin a gano inda cutar take ba, kuma aikin ya nuna mini cewa ƙarar da kanta takan faɗi daga inda ta fito, in dai an saurare ta.

Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan ƙugin mai kauri ne, na can ƙasa, wato 50 Hz, to wutar ce ke kutsowa ɗanyarta, ko ta wayoyin hitar da ke ɗumama bawul ko ta maganaɗisun taransfoma. Idan kuwa ya ɗan fi tsini, 100 Hz, daga sashen da ke mayar da wuta DC (wadda ba ta juyawa) yake, domin can ne ake ninka bugun sau biyu. A nan kaɗai maganar kondensar tacewa take da tushe. Kunne ba ya saurin rabe su, amma manhajar auna sauti a wayar hannu tana nunawa nan take.

Lokacin da ƙarar ke farawa shi ma shaida ne. Bawul sai ya yi zafi yake aiki, yakan ɗauki daƙiƙoƙi. Saboda haka ƙugin da ya zo daidai da danna makunni bai bi ta cikin bawul ba. Taransfomar wuta ce ke watsa maganaɗisu cikin ta lasifika. Ka zare duka bawul ɗin, za ka ji yana nan daram. Maganinsa nisanta su, ko juya ɗaya ta ba ɗayar gefe.

Nawa sai bayan an ɗumama yake tasowa. Na haɗe mashigar sauti da ƙasa, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa, wanda ke haɗe da akwatin ƙarfe, bai tafi ba. Na zare ECC83, ya ɗauke. Laifi ya koma sashen gaba ke nan, kuma ba mamaki, tunda wannan bawul ninkinsa a takarda 100 ne, ɗan abin da ya shiga ƙafarsa sai ya fito ƙato. Wayoyin hita masu ɗauke da volt 6.3 su ne suka ratsa kusa da ƙafar shigar sauti. Na murɗe su tamau kamar igiya, na kwantar da su a kusurwar akwati, sannan na sa rezista biyu masu ohm 100, ɗaya daga kowace waya zuwa ƙasa. Ƙugin ya faɗi sosai.

Ragowar ita ta fi cin rai, kuma a kanta na fi ƙaruwa. A zane, duk inda aka sa alamar ƙasa wuri ɗaya ne. A zahiri ba haka ba ne. Kondensar tacewa ta farko tana zuƙar wuta da ƙarfi sau 100 a daƙiƙa, kuma wannan bugun yana bin wayar ƙasarta. Idan ƙasar sashen gaba ta raɓu da wannan hanya, bawul zai ɗauki bugun a matsayin sauti, ya ƙara masa ƙarfi. Sai da na ware wa kondensar hanyarta, kowane sashe ya sami wayarsa, duka suka haɗu da akwati a wuri guda nesa da taransfoma, sannan aka sami lafiya. Wasu kan yanke wayar ƙasa ta filogi don su huta. A na'urar da ke ɗauke da volt 300 ko fiye a cikin akwatin ƙarfe, wannan wasa da rai ne. Kondensa ma tana riƙe wuta bayan an kashe, don haka ba na sa hannu sai na sauke ta da rezista, na auna da mita.

Sauran ƙararrakin ba su da wuyar sha'ani. Bawul da ke amsa amo idan an ƙwanƙwasa shi da tsinken katako, sauya shi ake yi. Ihu mai tsini da zarar an haɗa wayar da ke mayar da ɗan sauti daga ɓangaren lasifika zuwa sashen gaba, galibi wayoyi biyu na taransfomar lasifika ne aka juya, sai a musanya su.

Akwai kuma wanda ba daga cikin akwatin yake ba. A kan ƙaramin janareta, muryar ƙugin tana hawa da sauka tare da injin. A kan inbata mai arha, wadda wutarta ba ta da santsi, taransfoma kanta takan yi zuza ko an cire lasifika. Shi ya sa ba na yanke wa amfilifaya hukunci sai na gwada ta da wutar gari.