Masu Gajeren Gashi Su Ne Kasuwata

Shagona ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a unguwar Yelwa, nan Garwa ta arewacin Kamaru. Kujera biyu, tabarma, madubi, bahon wankin kai, sai 'yan mata uku da ke koyon aiki a hannuna. Kitso muke yi da wankin kai da ƙunshi, kamar kowane shago a layinmu. Inda muka sha bamban da maƙwabta shi ne irin kan da nake karɓa. Yawancin masu kitso ba sa murnar ganin gajeren gashi: yatsa ba ya kama shi, yana cin rabin yini, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ni a kansa na kafa sana'ata. Har ta kai idan mace ta zame ɗankwali a wani shago aka ga ba abin kamawa, sai a ce mata, "Gangara wurin Adda, ita ke da haƙurin wannan."

Kowace da abin da ya kawo ta. Akwai 'yan matan da suka gama makarantar kwana irin wadda ake sa ɗalibai saisaye, suna so su ga kitso a kansu kafin a fara maganar aure. Akwai masu jego, waɗanda gashi kan fara zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, har wata ta fusata ta sa masa almakashi. Akwai waɗanda suka tashi daga doguwar jinya. Amma mafi yawa su ne waɗanda defirizan, wato man miƙar da gashi, ya cinye wa kai. Man nan soda ce a cikinsa ko 'yar uwarta, ƙarfin silin gashi yake karyawa don ya kwanta. In aka riƙa maimaita shi a kan wanda aka riga aka shafa, ba a jira ko sati 8 ba, sai gashin ya fara guntulewa, musamman daidai inda sabon tsiro ya haɗu da tsohon. Tun 2022 kuma, da labari ya zaga wayoyi cewa cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta bi mata sama da 33,000 ta ga alaƙa tsakanin yawan shafa irin waɗannan mayuka da sankarar mahaifa, masu zuwa su ce in datse musu su sake sabon lale sun ƙaru.

Tambayar farko kullum ɗaya ce: "Adda, wane mai ne ke sa shi fitowa da wuri?" Amsata ba ta yi wa kowa daɗi. Babu shi. Gashin ɗan Adam kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata, irin namu mai murɗewa ma yakan ɗan gaza haka. A shekara ki ce santimita 10 zuwa 12. Wadda aka yi wa ƙwalƙwal yau, kafin gashi ya taɓa kafaɗarta sai ta yi lissafin shekara 3, in ba abin da ya karye a hanya. To, a nan gizo ke saƙar. Gashin yawancinmu lafiya lau yake fitowa daga tushe, a baki yake guntulewa, sai mace ta yi shekara da shekaru tana cewa nata ba ya tsawo, gadon gidansu ne. Ruwa take zubawa a randa mai yoyo. Toshe yoyon nan shi ne duk abin da nake sayarwa.

Da yake mutum ba ya yarda da abin da bai gani ba, na ajiye kaye, wato littafin rubutu, da tef ɗin awo irin na tela. Ranar farko nakan kamo sili a wuri uku, gaban goshi, tsakiyar kai da ƙeya, in miƙe shi, in auna, in rubuta a gabanta. Bayan wata biyu mu sake. Miƙewar ta zama dole, domin gashinmu da zarar ya sha ruwa sai ya takure, mai santimita 8 ya koma kamar 4 a ido. Wannan ruɗin ido kaɗai ya mayar da mata da yawa wurin defirizan. Ranar awo ta biyu ita ce ranar da nake samun kwastoma ta gaske. Wata sai ta karɓi tef ɗin ta sake aunawa da kanta, tana kallon madubi tana cewa, "Ashe yana fitowa."

Wata huɗun farko ba na yin kitso ko kaɗan, wanki ne kawai da shafa mai. Sabulunmu karkashi ne, wannan dai da muke miya da shi, wanda 'yan Chadi ke sayarwa da sunan ambunu. Nakan jiƙa busasshen ganyen cikin tafin hannu ɗaya a ruwan ɗumi, in bar shi kamar minti 15 har ya saki yauƙi, in tace. Yauƙin ake kwararawa a kai, a murza fatar da tafin yatsu, ban da farce. Gashin da ya cukurkuɗe sai ki ji yana warwarewa da kansa a ƙarƙashin yatsa, mataji mai manyan haƙora ya wuce salin-alin. Na koya wa yarana su riƙa sauraren mataji. In yana ƙas-ƙas, gashi ne ke karyewa, a tsaya a ƙara yauƙi. Daga baki ake fara tajewa a gangara tushe, kuma busasshen kai ba a taje shi a shagona ko da mai shi tana sauri. Karkashi ba ya iya wa maiƙo mai nauyi, don haka lokaci-lokaci muna haɗawa da shamfu ko ɗan sabulun salo. Garin sabulun wanki da kanwa kuwa na hana, su ne ke mayar da gashi ja, ya bushe ƙamas.

Maganar mai ita ma akwai gyara. Mai ba ya jiƙa gashi, danshin da ya tarar yake rufewa. Saboda haka ruwa ake fara yayyafawa, sannan a murza man kaɗe ko man riɗi kaɗan a tafi a bi. Iyayenmu man shanu suka sani, kuma yana aiki, sai dai a bazarar Garwa, Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwana biyu ya isa kai ya fara tsami a cikin hijabi. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar ke tsotse komai, a lokacin ne nake cewa a yayyafa ruwa a shafa mai duk bayan kwana biyu. Wani abin da ba a lura da shi: mu nan ƙasar auduga ce, ɗankwalinmu na atamfa ne, ita kuwa auduga shan mai take, ga gogayya. Duba kan macen da ke ɗaure kallabi tamau a wuri guda kullum, za ki ga layin da ya ci. 'Yar hula mai santsi a ƙarƙashin ɗankwali, da kuma lokacin kwanciya, ta fi wani mai tsada amfani. A kuma bar kai ya bushe sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba ƙaiƙayi da amosani su samu gida.

Inda ake yin ta shi ne daga wata na biyar zuwa cikar shekara. Gashi ya wuce a bar shi haka, bai kuma kai a yi masa kitson kirki ba. Gefe ya fi tsakiya, ƙeya ta yi tsiri-tsiri, mace ta duba madubi ranta ya ɓaci. Masu karaya a nan suke karaya. Abin da nake yi a wannan zangon kitson zare ne: a raba kai gida-gida, a naɗe kowane da zare daga tushe zuwa baki, ba a matse ba. Yana miƙar da gashi ba tare da wuta ba, yana ɓoye baki, kuma kwancewarsa ba wuya. In ya ɗan ƙara sai mu koma manyan kalaba ko zane shida zuwa takwas, a bar shi sati biyu, a tsefe da kibiya a hankali, a wanke, a ba kai hutun kwana ɗaya ko biyu. Ranar tsifa sai ki ga gashi cike da mataji, mace ta fara salati. Ba wani abu ba ne. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wanda kitso ya riƙe na sati biyu ne ya fito lokaci guda. Nakan nuna mata bambanci: dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindi, wannan kwanansa ne ya ƙare. Guntaye marasa ɗigo kuwa karyewa ce, su ne abin damuwa.

Jajibirin Salla da lokacin bukukuwa su ne jarrabawata. Layi har waje, kowa tana son ƙananan kitso da meshi, wato gashin kanti da ake ƙarawa, har gadon baya. A ƙaramar Sallar da ta wuce wata Hajiya ta kawo 'yarta, gashin ko tsawon ɗan yatsa bai kai ba, ga ƙunshin meshi uku a leda. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kan nan bai kai ɗaukar wannan kaya ba." Ta ce, "Haba Adda, ai in kika ja sosai zai kama, kuma ja ɗin ma shi ke sa gashi tsawo." Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta cinye goshin mata a garin nan. Ja ba ya ƙara ko sili ɗaya. Kitson da ya sa ƙananan ƙuraje suka feso a gaban goshi, ko ya ɗaga gira, ko ya hana yarinya barci sai an ba ta farasitamol, tushen gashi yake tumɓukewa. In an daina da wuri yana dawowa. In an shekara ana yi, fatar ta yi sumul tana sheƙi, to sai dai a rufe da ɗankwali, ba man da zai dawo da shi. Hajiya ta kwashi ledarta ta tsallaka titi. Kuɗin wannan kai ɗaya ya kai na wankin kai biyar, kuma ban ji daɗin ganin fitarsa ba, gaskiya ce. Amma hannuna ba zai yi ba.

Sai chebe. Ba ranar da za ta wuce ba a tambaye ni shi ba, musamman yanzu da ya cika TikTok da Facebook, har Turawa da baƙaƙen Amurka na nemansa. Mu nan ba baƙonmu ba ne. Daga Injamena yake tsallako gada zuwa Kuseri, ya biyo hanyar Marwa ya iso mana. 'Ya'yan wani itace ne ake soyawa a daka, a haɗa da mahalab da kanumfari da ƙaro mai ƙamshi. Matan Larabawan Chadi suna jiƙa gashi, su shafa mai, sau da yawa karkar, wato man riɗi da aka dafa da kitse da kakin zuma, su bi da garin sili-sili, su kitse manya, bayan 'yan kwanaki su ƙara wani a kai. Gashinsu kuwa har ƙugu, wannan ba ƙarya. Amma ki lura da abin da suke yi: gashin kullum a jiƙe da mai, kullum a kitse, ba wuta, ba soda, ba taje-taje, tun suna yara. Chebe lulluɓe sili yake ya hana shi karyewa, a jikin gashi ake sa shi, ba a fatar kai ba. Mai gashi santimita 3 ina za ta sa shi? A fata zai zauna, ya toshe, ya kawo ƙaiƙayi. Shi ya sa ba na shafa wa kowa sai gashinta ya kai a yi masa kalaba mai kauri. Kuma a sayi 'ya'yan a ga dakansu da ido, domin na sha buɗe ƙullin da aka kawo mini daga kasuwa in ji yashi na ƙaras-ƙaras a yatsa.

Akwai kan da ba nawa ba ne. Yaron da aka kawo da maƙero, tabo zagayayye mai fari-fari da guntayen gashi, asibiti nake turawa, domin maganinsa na sha ne na makonni, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi. Ta mataji da reza yake yaɗuwa, don haka duk matajin da ya taɓa kai a shagona sai ya shiga ruwan jabel, wato bilic, kafin ya taɓa wani. Haka macen da gashinta ke zuba ta ko'ina, ga jiri, ga farin ido, nakan ce ta je a auna jininta, domin ƙarancin jini na zubar da gashi. Gashi daga abin da aka ci yake ginuwa: wake, gyaɗa, ƙwai, zogale, ga kifin Binuwai da na Lagdo a bakin ƙofa. Mai jego kuwa haƙuri kawai nake ba ta, yawanci kafin yaro ya shekara kan ya cike.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar gajeren gashi ba ta kawo dami a rana ɗaya. Wanki da zare kuɗinsu kaɗan ne. Amma wadda ta shiga kayena tana zuwa duk sati biyu, damina da rani, ba sai Salla ba, kuma takan jawo ƙanwarta da kishiyarta. Da wannan nake biyan haya a watannin da sauran shaguna ke zaman kashe wando. Ina kuma ƙulla karkashi da man kaɗe a ƙananan robobi in sayar wa masu yi a gida. Wahalar da ta fi damuna ita ce ta yara masu koyo. Yarinya ta zo tana so ta iya shuku da ƙananan kitso cikin wata uku ta buɗe nata, ni kuma in ɗora ta a kan baho da mataji har sai hannunta ya yi sanyi. Wasu ba sa jurewa, sukan koma inda ake koya musu sauri. Babbar cikin ukun da ke nan yanzu ita ke riƙe da kayen awo, kuma bayan babbar Salla nake so in fara barin mata shagon ranar Lahadi, ni in riƙa leƙa kasuwar Pitowa neman karkashi da riɗi a hannun masu kawowa daga ƙauye, inda mudu ya fi sauƙi.