Wasiƙa daga Holan: kada kyan hoton kwamfuta ya ruɗe ku

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai da injiniyoyi na gida.

Idan aka hura iska daga ƙasa ta ratsa gari mai laushi, akwai ƙarfin da in ta kai, garin zai tashi ya dinga ɓararraka kamar tafasasshen kunu. Da wannan dabara sashen FCC na matatun mai irin ta Dangote, wato sashen da ke aiki da garin katalis mai hanzarta haɗuwar sinadarai, ke fasa mai mai kauri ya koma fetur, tun da aka fara ta a Baton Rouge ta Amurka a 1942. Ba mai iya leƙa cikin tukunyar da zafinta ya kai digiri 700, shi ya sa ake kwaikwayon abin a kwamfuta. Manhajar ma ba tsada, MFiX da OpenFOAM kyauta ne. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake gaskata sakamako don kawai hoton ya yi kyau.

Hanyar kwaikwayon biyu ce. Ko a bi kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, wanda sai ƙaramar tukunya, ko a ɗauki garin kamar wani ruwa da ke cuɗanya da iska. Ta biyun aka fi bi, kuma a nan ake tuntuɓe.

Kwamfuta tana yanka tukunyar ne kamar raga, ta yi lissafi a kowane ido. Ƙa'idar da aka saba ita ce idon ya zama kamar ninki 10 na ƙwaya. Garin katalis kuwa faɗin ƙwayarsa wajen maikron 70 ne (maikron 1,000 ne milimita ɗaya), rukunin A a rabon nau'o'in gari da masani Geldart ya yi a 1973. Ke nan ido ɗaya milimita 0.7. Ku lissafa bututu mai faɗin mita 1 da tsawon mita 30, ido kusan biliyan 70 za ku samu. Wace kwamfuta? Dole a faɗaɗa idon. To amma garin nan ba ya tashi a warwatse, curi-curi yake yi, iska ta kewaye curin ta wuce abinta. Raga mai manyan idanu ba ta ganin curin, sai lissafin jan iska, wato na ƙarfin da iska ke tura ƙwayoyi da shi, irin na Gidaspow, wanda ya haɗa na Ergun da na Wen da Yu, ya ba iska ƙarfin da ba ta da shi. Sai ka ga gari ya kumbura fiye da kima, wani lokaci har ya fice ta sama. Maganinsa gyararren lissafi mai la'akari da curin, irin EMMS da aka ƙirƙira a Sin.

Takun lokaci, wato tazarar da ke tsakanin lissafi ɗaya da na gaba, ya zama wajen daƙiƙa 0.0001. Ku zubar da daƙiƙun farko kafin ku ɗauki matsakaici, don lokacin garin bai daidaita ba.

Sannan, don Allah, ku gwada da hannu. Bututun roba mai haske, faɗin santimita 10, ƙyalle mai ƙarfi a gindi, yashin da aka tankaɗe kilo 2, injin hura iska, da siririn tiyo da aka lanƙwasa aka zuba ruwa don auna matsin iska. Da zarar yashin ya tashi, bambancin matsin iska tsakanin ƙasa da samansa zai tsaya daidai da nauyinsa a raba da girman filin gindin, wato wajen santimita 25 na ruwa, ko an ƙara iska ba ya ƙaruwa. In kwamfutarku ba ta ba da wannan adadi da tsayin da yashin ya kai ba, ku koma kan ragar da lissafin jan iska kafin ku taɓa batun zafi ko sinadarai.

Wassalam. A gaida malamai.